Darasi na 9: Jinyar Iyali Bayan Hatsarin Mota

Hatsarin mota yakan auku cikin ƙiftawar ido, amma jinyarsa takan ci wata shida, ko shekara, wani ma har ƙarshen rayuwarsa. A wannan darasi za mu bi wani iyali tun daga inda motarsu ta kife har lokacin da maigidan ya koma kasuwa da ƙafarsa. Za mu ga abin da ma'aikatan asibiti ke yi wa wanda ya ji mummunan rauni, da dalilin da ya sa suke fara wani aiki kafin wani, da kuma rabon da ke kan dangi. Wannan rabo na dangi shi ya fi damuna. Likita yana da iliminsa, amma ba shi ke ɗauko mutum daga bakin titi ba, ba shi ke sa hannu a takardar tiyata ba, ba shi ke ba da jini ba, kuma ba shi ke yanke shawarar a zauna a asibiti ko a kwashe mara lafiya a koma gida ba. Mu ne muke yin waɗannan, kuma sau da yawa a cikin ruɗewa muke yin su, ba tare da mun san abin da ke gudana ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna samun raunuka. Babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka.

Labarin da ke tafe misali ne na irin abin da ke faruwa a hanyoyinmu, shi ya sa ba a sa wa kowa suna ba.

A bakin titi

Wata Lahadi da la'asar, wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana dawowa Kano daga biki a Zariya. Matarsa na gaba kusa da shi, ɗansu mai shekara 14 da 'yarsu mai shekara 5 suna baya. Sun ɗan gota Kwanar Dangora sai tayar gaba ta fashe. Ya taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace masa, ta bar titi, ta wuntsila ta tsaya a gefen wata gona.

Nan da nan jama'a suka taru ana ta salati. Wasu samari biyu suka kama maigidan ta hammata za su finciko shi ta taga. Wani direban motar haya da ya taɓa samun horon taimakon farko ya daka musu tsawa: “Ku dakata, kada ku ja shi!” Ya zura hannu ya kashe injin, ya tura yaron motarsa ya zuba ganye can nesa a kan titi don masu tahowa su rage gudu, sannan ya kira lamba 122. Wannan ita ce lambar kyauta ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, wadda aka kafa a 1988. Akwai kuma 112, lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa baki ɗaya.

Me ya sa ya hana a ja shi? A cikin ƙashin wuya da na baya akwai laka, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Ƙashin yana iya tsagewa lakar tana nan lafiya. Idan aka finciki mutum, ko aka naɗe shi aka cusa a bayan mota, ƙashin da ya tsage sai ya goce ya datse lakar, kuma lakar da ta datse ba ta komawa yadda take. Wasu daga cikin waɗanda jikinsu ya shanye bayan hatsari, hannun masu ceto ne ya ƙarasa abin da motar ta fara. Don haka mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, wasu uku ko huɗu su ɗaga gangar jiki gaba ɗaya, a ɗora shi a kan abu mai faɗi da ƙarfi, ko benci ne ko ƙyaure. Ba a gaggawar fizgo mutum sai in wuta ta kama ko tana shirin kamawa.

Goshin yarinyar ya tsage, jini ya rufe mata fuska. Wani ya ce a zuba man birki. Direban ya karɓi mayafin wata mata mai tsabta, ya ninke shi ya danne wurin, ya ce mata ta riƙe da ƙarfi kada ta riƙa ɗagawa tana leƙawa. Dannewa ce ke tsayar da jini. Man birki da toka da ƙasa da kashin shanu ba sa tsayar da komai, ƙwayoyin cuta kawai suke shigarwa, har da mai kawo sandarewar jiki.

Shi kuwa yaron da ƙafarsa ya fito, ya zauna a gindin wata bishiya ya yi shiru. Can ya ce, “Umma, ƙishirwa nake ji.” Aka miƙo ledar ruwa, direban ya ce a jiƙa masa leɓe kawai. Wanda zai iya shiga tiyata ba a ba shi ruwa ko abinci, domin idan aka yi masa allurar barci yana iya amayo abin da ke cikinsa ya faɗa huhu. Ƙishirwa mai tsanani bayan buguwa kuma alama ce da za mu dawo kanta.

A nan dole in faɗi wata magana. Ɗabi'ar da ta shigo mana ta zaro waya ana ɗaukar hoton mutanen da ke kwance cikin jini, mummunar ɗabi'a ce. Wayar da ke hannunka ta kiran agaji ce. Wasu iyayen a Facebook suka fara ganin gawar 'ya'yansu kafin kowa ya zo musu da labari.

A sashen gaggawa

'Yan Rod Sefti suka kai su asibitin da ya fi kusa. A nan aka sa wa kowa robar riƙe wuya, aka ɗaura musu ruwa, aka tallafe ƙafar maigidan, sannan aka rubuta takarda aka tura su asibitin koyarwa a Kano. Tura majinyaci gaba ba kora ba ce. Ƙaramin asibiti yana yin abin da zai riƙe rai a hanya, sannan ya miƙa ga inda ake da likitocin tiyata da ma'ajiyar jini da na'urorin hoto. Ya kamata kuma kowa ya san cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya saɓa yana fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Yayan maigidan, wanda yaran ke kira Baffa, ya riga su isa. Yana tsaye aka shigo da ƙanensa yana ihu, cinyarsa ta kumbura, ƙafar ta juya gefe. Sai ya ga likitoci sun duba shi a gurguje, sun bar shi da nas guda, sun taru a kan matar da yaron. Ransa ya ɓaci. Ya ce, “Likita, ga mai karaya nan yana ihu, kun koma kan yaron da ko ƙwarzane babu a jikinsa?”

Likitan bai ɗago ba ya ce, “Alhaji, mai ihu yana numfashi, kuma jini yana kai masa ƙwaƙwalwa. Yaron nan ne yake ba ni tsoro.”

A sashen gaggawa ba a bin layi, ba a kuma bin ƙarfin kuka. Ana fara wa da abin da zai fi saurin kashe mutum. Da farko a tabbatar hanyar iska a buɗe take, babu jini ko amai ko harshe da ya toshe maƙogwaro, wuya kuma a riƙe yake. Daga nan a duba numfashi, sai a nemi inda jini ke zuba a waje ko a ciki, sai a gwada hankalin mutum da ƙwayar idonsa. A ƙarshe a cire tufafi, ko a yanka su da almakashi, a duba jiki gaba da baya, a lulluɓe shi, domin jinin wanda sanyi ya kama ba ya saurin daskarewa.

Wannan tsari ma hatsarin wani iyali ne ya haife shi. A 1976 wani likitan ƙashi ɗan Amurka mai suna James Styner ya faɗi da ƙaramin jirginsa a wata gona a jihar Nebraska. Matarsa ta mutu nan take, uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji munanan raunuka. Irin kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da aka kai su ta nuna masa cewa ma'aikatan ba su da horon karɓar masu irin wannan rauni. Shi da abokan aikinsa suka tsara kwas da aka fara koyarwa a 1978, kuma yau da shi ake horar da likitoci a ƙasashe da dama.

Uwargidan haƙarƙarinta uku suka karye a dama, jini da iska suka taru tsakanin huhu da bangon ƙirji suka matse huhun. Tana jan numfashi sama-sama, maganarta a guntule. Aka kashe wurin da allura, aka ɗan tsaga gefen ƙirjin, aka zura roba zuwa wata kwalba mai ruwa a ƙasan gado. Jini ya gangaro, ruwan kwalbar ya riƙa ɓulɓulo da kumfa duk lokacin da ta yi tari, kuma kafin a jima numfashinta ya fara daidaita. Aka gargaɗi ƙanwarta da ta zo jinya kada ta kuskura ta ɗaga kwalbar sama da ƙirjin, don kada abin da ya fita ya koma.

Yaron kuwa tafin hannunsa ya yi fari, jikinsa ya yi sanyi yana gumi, bugun zuciyarsa na gudu, yana cewa kafaɗarsa ta hagu na ciwo alhali ba a nan ya bugu ba. Aka ɗora masa na'urar sikanin a ciki, aka ga jini kwance, abin da ya jawo masa ƙishirwar nan ke nan. Saifarsa ce ta fashe. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, cike take da jini kamar soson da ya sha ruwa, kuma idan ta tsage tana tsiyaya a ciki ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Jikin yaro yana iya ɓoye wannan na ɗan lokaci, yana tafiya yana magana, sai kwatsam ya zube. Duk wanda ya fito daga hatsari yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi a duba shi. Akwai ma allurar rage zubar jini da amfaninta ke cikin awa 3 na farko, wanda ya tsaya gida sai gobe ya wuce lokacinta.

Yarinyar aka ɗinke mata goshi, aka kwantar da ita ana tashinta lokaci-lokaci ana duba idonta. Washegari aka sallame ta, aka ce a dawo da ita da gudu in ta yi ta amai, ko barci ya yi mata nauyi har tashinta ya yi wuya, ko ta yi jijjiga, ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci.

Sa hannu da jini

Aka kawo takardar amincewa da tiyatar yaron. Uban yana cikin raɗaɗi, uwar da roba a ƙirji. Baffa ya ce a bari ya kira Hajiya, mahaifiyarsu, da sauran 'yan'uwa a yi shawara. Uwargidan daga kan gadonta ta ce, “Yaya, don Allah ka sa hannu. A gaya wa Hajiya daga baya.” Ya sa. Shawara da manya abu ne mai kyau, amma mai zubar jini a ciki ba shi da awa biyun da za a tara dangi. Kana da haƙƙin ka tambayi likita me za a yi, me zai faru in ba a yi ba, wane haɗari ke ciki. Ka tambaya a tsaye, ka yanke a tsaye.

Sai maganar jini. Baligi yana da kimanin lita 5 a jikinsa, kuma karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin tsoka. Uba da ɗa duka suna buƙatar ƙari. A harabar asibitin akwai dangi da abokan kasuwa da yawa, amma da aka ce a zo a gwada jini sai wurin ya fara raguwa. Wani ya ce bai ci abinci ba, wani ya ce jininsa kaɗan ne. Abin da ake ɗiba leda ɗaya ce, bai kai rabin lita ba. Mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65 wanda nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa, jikinsa ya mayar da ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin 'yan makonni. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya rage kwana. Kafin a ƙara wa wani kuma sai an tantance shi daga cutar ƙanjamau da ciwon hanta. A ƙarshe yaran shagon maigidan biyu da wani maƙwabci da ƙanen uwargidan suka bayar. Aka cire saifar, yaron ya farfaɗo da asuba.

Ƙafar maigida

Hoton ƙashi ya nuna cinyar ta karye gida biyu, kawunan sun goce sun wuce juna. Likitocin ƙashi suka ce za a zura ƙarfe a cikin ramin ƙashin a ɗaure da kusoshi. Aka faɗi kuɗin, kuma kuɗi ne mai nauyi. A daren nan Baffa ya zauna a bakin gadon ya rage murya. Ya ce akwai wani mai ɗori a ƙauyensu wanda ya gaji sana'ar, kwana arba'in mutum yake miƙewa, kuma abin da za a ba shi bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ya ƙara da maganar da kowa ya saba ji, wai asibiti ba su san komai ba sai yanke ƙafa.

A nan ne iyalai da yawa suke yin asarar abin da aka ceto musu, don haka bari mu tsaya a kai. Ba don wauta mutane ke zuwa wurin masu ɗori ba. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, suna karɓar biya kaɗan-kaɗan, suna magana da mutum da harshensa, kuma an ga waɗanda suka warke a hannunsu. Gaskiyar ita ce ƙashi da kansa yake haɗewa, aikin mai gyara shi ne ya daidaita shi ya riƙe shi har ya kama. Ƙaramar karaya da ba ta goce ba tana iya warkewa a hannun kowa. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin tsoka. Tsokar cinya tana da ƙarfin da kara da tsumma ba za su iya riƙe ƙashinta a daidai ba, shi ya sa ake ganin ƙafa ta warke a gajarce ko a karkace, ko ta ƙi haɗewa sam. Mafi muni shi ne ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da ke kumbura. Jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi, su dushe, su yi baƙi. Cikin awoyi kaɗan tsoka take fara mutuwa. Bayan kwanaki, wari ya tashi, sai a kwaso mutum a kawo asibiti, likita ya tarar babu abin da ya rage sai yankewa don a tsirar da rai. Daga nan labari ya bazu cewa asibiti ya yanke ƙafar wane, ba a faɗin inda ƙafar ta kwana kafin ta zo. Yara ƙanana da suka faɗo daga bishiya sun rasa hannuwa ta wannan hanya, a kan karayar da filasta ta 'yan makonni za ta gyara.

Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta ƙugu, da ta baya ko wuya, da wadda ta shiga gaɓa, ba na ɗori ba ne. Kuma kowace karaya, a fara yin hoto. Muna da inda aka ƙware a wannan aiki: Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana aiki tun 1959, ga asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Maigidan ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, mutanen nan su suka gano ciwon yaron nan da ni da kai ba mu gani ba. Zan zauna.” Kuɗin kuwa haɗa shi aka yi. 'Yan layinsu a kasuwa suka yi karo-karo, uwargidan ta ce a karɓo mata kwasar adashinta, aka sayar da abin da ya rage na motar. Ƙanenta ya je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ya yi bayani, shi ne kuma ya riƙe littafi yana rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, yana adana rasit. Da suna cikin tsarin inshorar lafiya da nauyin ya ragu. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Nijeriya, kuma jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya da ɗan kasuwa ma zai iya shiga.

Zaman jinya

Kwana biyu bayan tiyata, ma'aikacin gashin ƙashi ya zo ya ce maigidan ya tashi zaune, ya sauko da ƙafa. Hajiya ta ce wannan rashin tausayi ne. Ba haka ba ne. Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Tana kawo ciwon huhu, tana cinye tsoka, tana sa gwiwa ta sandare. Wanda ba ya iya juyawa da kansa kuma, mai jinya ya juya shi duk bayan awa 2, ya tabbatar shimfiɗarsa a bushe take, in ba haka ba gyambon kwanciya zai fito a ƙugu da diddige, kuma ya fi karayar wuyar magani.

Ita ma uwargidan ba a ɗaure mata ƙirji ba. An ba ta maganin raɗaɗi, an ce ta rungume matashi ta yi tari, ta riƙa jan dogon numfashi. Haƙarƙari yakan haɗe da kansa cikin mako 6.

Abinci ma magani ne: wake, ƙwai, kifi, nama, nono, zogale. Masu hana majinyaci ƙwai ko gyaɗa wai suna sa miki ruwa, suna hana shi abin da jiki zai gina sabuwar tsoka da shi ne. Taba tana jinkirta haɗewar ƙashi. 'Yan dubiya kuma su taƙaita zama, su wanke hannu, kada su zauna a kan gado, kada su buɗe bandeji don su ga yadda wurin yake, kada kuma su kawo wani jiƙo a ba shi a ɓoye.

Bayan sallama

Sallama ba warkewa ba ce. Maigidan ya koma gida da sanduna biyu da katin ranar dawowa. Ƙashin cinya yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama sosai, kuma hoto ne ke nuna lokacin da za a saki nauyi a kansa, ba jin daɗin jiki ba. Gashin gwiwa yana da zafi, akwai ranakun da ya ce ba zai je ba, matarsa ta matsa masa. Aka kuma ja masa kunne a kan magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol: ya sha yadda aka rubuta, ya daina lokacin da aka ce, kada ya ci gaba da saye a kemis.

Yaron da aka cire wa saifa zai yi rayuwarsa kamar kowa, amma garkuwar jikinsa ta ragu har abada. An yi masa alluran rigakafi, an ce kullum ya kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yana yi wa marar saifa mummunan kamu. Duk zazzaɓin da ya taso masa na asibiti ne a ranar, kuma duk likitan da zai gani nan gaba a fara gaya masa babu saifa.

Akwai raunin da hoto ba ya nunawa. Yarinyar ta koma fitsarin kwance, tana firgita cikin barci, in aka ce ta shiga mota sai ta ƙanƙame uwarta. Ba a dake ta ba, ba a yi mata dariya ba. An bar ta ta faɗi abin da ta gani, an fara da gajerun tafiye-tafiye tana jikin uwar. Uban kuma ya zama mai saurin fushi, ba ya barci, yana ta maimaita cewa shi ya jawo. Irin wannan yakan lafa cikin makonni. Idan ya wuce wata guda yana hana mutum barci ko aiki, a gaya wa likita, akwai masu ba da shawara da magani a kai, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Addu'a da nasihar malamai suna sanyaya zuciya, ba sa kuma hana a nemi magani.

Masu jaje sun yi ta ce wa maigidan ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ƙaddara. Amma shi da kansa ya san tayar nan ta gwanjo ce. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara 4 da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba. Iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu kilomita 100 ne a awa. Ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi, kuma na baya ma suna buƙatarsa. In taya ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar mota ta rage gudu kafin a taɓa birki a hankali.

A wata na bakwai maigidan ya koma shago da sanda ɗaya, daga baya ya ajiye ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa likitoci suka fara da yaron da ya yi shiru kafin uban da ke ihu?
2. Waɗanne irin karaya ne bai kamata a kai wa mai ɗori ba? Wace alama ce ke nuna ɗauri ya hana jini wucewa?
3. Da kai ne Baffa, me za ka tambayi likita kafin ka sa hannu?
4. Ku tattauna a aji: me ke hana mutanen unguwarku ba da jini, kuma wace amsa za ku ba su?

Aikin gida

Kafin darasi na gaba, ka adana 122 da 112 a wayarka da wayar mutanen gidanka. Ka duba lambobi huɗun nan a tayar motar gidanku ko wadda ka saba hawa, ka rubuto su. Ka kuma je asibiti mafi kusa a gwada maka rukunin jininka, ka rubuta shi a takarda ka sa a aljihun da kake ajiye katin shaidarka.